Faifan Anar na Mdou Moctar: wa ya ji shi, wa ya yi masa alƙalanci?

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine ɗan jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar ya tsallako iyaka zuwa Sakkwato, ya naɗi waƙoƙinsa da irin kayan aikin da ake yi wa finafinan Hausa kiɗa. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma Mdou Moctar duniya ta sani. Faifan kuwa Anar. A lokacin ba kamfanin da ya buga shi, ba kwali, ba bikin ƙaddamarwa, ba ɗan jaridar da aka gayyata. Shekara 13 bayan nan mutumin ya fitar da Afrique Victime, wanda New York Times da Rolling Stone da Pitchfork suka sa a jerin fitattun faya-fayan 2021, har Barack Obama ya lissafa waƙar "Tala Tannam" cikin waɗanda ya fi so a shekarar. Yau idan masu sharhin kiɗan rok na Amurka da Ingila suna zancen gwanayen jita masu rai, da wuya su gama ba su kira sunansa ba.

Tsakanin waɗannan faya-fayai biyu akwai tambayar da ta shafe mu kai tsaye: wane ne alƙalin waƙa? Mutanen da suka yi ta tura wa juna ita daga waya zuwa waya ba tare da sun rubuta ko kalma ɗaya ba, ko kuwa marubutan ƙetare da suka cika shafuka da yabo alhali ba sa jin harshen da aka yi ta?

A wajen Turawa rok kiɗan ƙungiya ne: mai jita, mai jita mai kaurin amo, mai ganguna, mai rerawa. Shi ya sa idan ɗaya ya ware ya yi faifai da sunansa shi kaɗai, masu sharhi sukan wasa wuƙa, don a ganinsu ranar ce za a san ko gwanintar tasa ce ko ta abokan tafiya. Paul McCartney ya ɗanɗana wannan a 1970, lokacin da Beatles ke watsewa. Ya fitar da faifan da shi ya kaɗa duk kayan kiɗan cikinsa, aka yi masa ca cewa aikin gaggawa ne, sai bayan shekaru ra'ayi ya sauya aka dawo ana yabawa. Mu ma abin ba baƙo ba ne. Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo duk da makaɗa da 'yan amshi suke tafe, amma Ɗan Maraya Jos daga shi sai kuntiginsa: shi ya tsara, shi ya kaɗa, shi ya rera. Tafiyar Mdou ta juya wa tsarin Turawan baya. Da kaɗaici ya fara, ƙungiya ta zo daga baya, har ta kai yanzu sunansa ya zama sunan mutum huɗu.

Jitar Abzinawa ba a ɗakin rawa aka haife ta ba. Farin da aka yi a shekarun 1970 da na 1984 ya kashe dabbobi, ya kori samari zuwa Aljeriya da Libiya neman abin kai wa baka, kuma a can ne su Ibrahim Ag Alhabib suka kafa Tinariwen, suna waƙar kewar gida da ta tawaye, ana yaɗa ta a kaset daga hannu zuwa hannu. A Nijar Abdallah Oumbadougou ne jagoran wannan salo, kuma shi Mdou ya gani yana yaro ya ce shi ma sai ya yi. Cintabaraden, ɗaya daga garuruwan da ya taso, nan ne aka yi kisan watan Mayun 1990 da ya rura wutar tawayen da bai lafa ba sai da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Gidan su Mdou gidan addini ne, ba a son kiɗa, don haka da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Wanda ya san kallon da aka daɗe ana yi wa mai goge da mai kukuma a garuruwanmu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan wannan. Bahago ne kuma, abin da ya ƙara masa wahala, don jitar bahago ba a samunta ko'ina. Ya yi zaman ci-rani a Libiya, ya dawo ya shiga kiɗan biki.

To me ya kai shi Sakkwato? Ga mutumin Tawa ai ba tafiya ba ce ta a-zo-a-gani: Tawa, Ƙonni, Illela, sai birnin Shehu, kuma daga iyaka bai kai kilomita 100 ba. Hausa ce harshen kasuwa tun daga can har Agadas. Sannan a 2008 arewacin Nijar na cikin tawaye na biyu, hukuma na kallon mai jita da ido ɗaya, har Bombino, takwaransa na Agadas, ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso. A wannan gefen kuwa waƙoƙin nanaye na tashe. Situdiyo ya yawaita, fiyanon Yamaha na ba da ganga da sarewa da duk abin da kake so, kwamfuta na gyara murya. Duk wanda ke son zamani a yankin nan, kiɗan finafinan Hausa shi ne zamanin.

Abin da ya fito daga wannan haɗuwa yana da ban mamaki. Jita ce mai sanyi, ba hayaniya, tana zagaye a kan 'yan muryoyi kaɗan. Ƙarƙashinta gangar na'ura ce mai tafiya daidai wa daida, ba ta gajiya, ba ta ɗoki. Bisa su kuma muryar Mdou cikin Tamashek, an bi da ita ta Auto-Tune har ta zama siririya mai karkarwa, kamar yadda muka saba ji a waƙoƙin fim na wancan lokaci. Ita wannan manhaja, da kamfanin Antares ya fitar a 1997, aikinta shi ne ta jawo muryar mawaƙi zuwa kan amon da ya fi kusa idan ya kauce. In aka matsa mata ta yi aikin da sauri, sai lanƙwasar da murya ke yi tsakanin amo da amo ta kakkarye, ta koma tsalle-tsalle. Mawaƙin da ke jan baƙi yana lanƙwasa shi, irin namu da na Abzinawa da na Indiya, shi ya fi ba ta abin yi. Wani abin kuma da masu raina ta ba sa lura da shi: lasifikar ƙaramar waya ba ta iya fitar da kaurin amo, sai siriri. Muryar da aka tace haka tana huda hayaniyar tasha ta iso kunne tsaf. Wato dai faifan ya dace da na'urar da za a ji shi a cikinta, ko da gangan aka yi ko dace ne.

Kotun farko da ta saurari Anar ke nan: memori da Bluetooth. Mai karatu da ke Jimeta bai buƙatar a kai shi Sahara don ya ga yadda wannan kotu ke zama. Ka bi ta Limawa ko bakin kasuwa, za ka tarar da saurayi a ƙarƙashin lema, tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya, wayoyin caji sun harɗe, lasifika na ɓarin sabuwar waƙa. Direban keke ya tsaya ya miƙo waya: "Maigida, a cika min, amma ban da na jiya." Shi kuma ya buɗe jakunkunan da ya tsara da kansa: nanaye nan, waƙoƙin Fulfulde na su Babba Sadou daga Garwa can, wa'azi, bege, fassarar Algaita. Waƙa da yawa ba sunan mai ita, daga lamba sai wata kalma da wani ya laƙa mata. Wadda aka yi ta nema tana nan, wadda ba a tambaya a goge ta don a sami wuri. Ba a rubuta hukunci, amma hukuncin ba ya ɗaukaka ƙara. Ta irin wannan hanya waƙoƙin Anar suka ratsa Nijar suka shiga Mali, mutane na ji suna so, da yawa ba su san ma wa ya yi ba. Suna ya tafi, kuɗi bai biyo ba. Abin da mawaƙi ke samu a wannan tsari shi ne gayyatar biki.

A arewacin Mali ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da waƙar "Tahoultine" yana kwasar waƙoƙi daga wayoyin mutane. Ya sa ta a tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones, wanda kamfaninsa Sahel Sounds ya buga a faifan garmaho a 2011, kuma, a yaba masa, ya bi sawun mawaƙan don ya ba su rabonsu. Haka ya gano Mdou, ya kawo masa jitar lantarki ta bahago. A 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka naɗa a Cintabaraden. A 2014 Anar ya sami bugu na hukuma, shekara 6 bayan naɗarsa. A 2015 suka fitar da fim ɗin da suka yi a Agadas, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗora kan labarin fim ɗin Prince na 1984, Mdou na yawo kan babur. Fim ɗin ya jawo masa jaridu fiye da duk waƙoƙin da ya yi kafin nan, abin da ya kamata ya nuna mana irin ƙofar da ake buɗe wa baƙo a can: sai ya shigo da rigar wani da suka sani.

Akwai faifai ɗaya da ake yawan tsallakewa, Sousoume Tamachek na 2017, wanda ya naɗa a Portland. Shi ne faifan kaɗaici na ainihi, don shi ya kaɗa komai, shi ya rera, shi ya yi wa kansa amshi. Waƙoƙi ne masu natsuwa, na zaman dare. An yaba, amma yabon bai yi amo ba. Amon ya zo ne a 2019 da Ilana, wanda aka naɗa a Detroit da cikakkiyar ƙungiya, sannan ya cika da Afrique Victime a ƙarƙashin Matador, kamfanin rok na New York. Ahmoudou Madassane ke riƙe da jita ta biyu, Souleymane Ibrahim na kan ganguna, sai Ba'amurke Mikey Coltun mai jita mai kauri, wanda kuma shi ke haɗa sautin.

Gaskiya ɗaya ce, masu sharhin ba su yi ƙarya ba game da ƙarfin wannan faifai. Waƙar da aka sa wa faifan sunanta ta wuce minti 7. Tana farawa da tafiyar raƙumi, muryoyi na karɓa wa juna, sai ganga ta riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan ba ka ankara ba, can sai jitar ta ɓalle. Mdou ba ya amfani da ɗan ƙarfen ko robar da masu jita ke kaɗawa da ita. Da yatsa yake tsinkar tsirkiya, ɗaya hannun na dukan wuyan jitar da sauri har amo ya riƙa zubowa ba tsinkewa. Wanda ya taɓa zama gaban gwanin gurmi ko garaya ya ga yadda yatsa ke yi, zai gane dangantakar nan take.

Inda na raba hanya da su shi ne wajen bayanin asalin abin. Laƙabin da suka fi so shi ne Hendrix na Sahara, laƙabin da suka riga suka ba Bombino, kuma za su ba na gaba. Shi Mdou ya sha faɗa cewa bai tashi da kiɗan rok na Turawa ba, ko bidiyon Eddie Van Halen ma sai da ya girma aka nuna masa. Ƙarar da saurin da suke jin kamar daga Landan ko Kalifoniya suka zo, a filin bikin Agadas aka dafa su: janareto na ruri, amfilifaya mai araha an murɗe ta har ƙarshe tana tsatsa, samari na neman a ƙara wuta don rawa ta yi daɗi. Group Inerane da Etran de L'Aïr duk daga wannan fili suka fito. Tsarin muryoyi biyar da yake bi, da kiɗan da ke juyawa wuri guda ba ya sauya gindi, daga takamba da tende suke. Mai sharhi ya ji abin da ya yi kama da na gidansu, sai ya ɗauka ɗansu ne ya dawo.

Sai maganar siyasa. Da wuya ka sami mai jin Tamashek cikin masu rubutun nan. Abin da suka sani game da ma'anar waƙoƙin daga fassarar da kamfani ya raba musu ne. Wannan ba laifi ba ne, kuma abin da Mdou ke faɗa ba ƙirƙira masa aka yi ba: yana kukan yadda ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971 ana haska Faransa alhali ƙauyukan Nijar na cikin duhu, yana kiran Abzinawa su riƙe harshensu a waƙar "Imouhar", yana fuskantar tsohuwar uwargijiya a "Oh France". Amma labarin ɗan tawaye mai rawani da jita labari ne mai saurin sayuwa a Turai tun da Tinariwen suka ci Grammy a 2012, don haka waƙoƙinsa na soyayya da na addini, waɗanda su ne da yawa, sukan sami layi ɗaya, na siyasa su sami shafi. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar na Amurka tana wasa, aka rufe iyakoki suka kasa komawa gida. An riga an gama naɗar faifan Funeral for Justice kafin sojoji su hamɓarar da Shugaba Bazoum, amma da ya fito a watan Mayun 2024, bayan sojojin Faransa sun fice, sai aka karanta shi kamar duba ya yi. Shi kuwa matsayinsa a fili yake: bai goyi bayan juyin mulki ba, kuma bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba. A zaman jiran nan ne suka sake naɗar waƙoƙin faifan da jita marar lantarki, aka fitar a 2025 da sunan Tears of Injustice.

A cikin duk wannan, ina aka ajiye Anar? Galibi jimla ɗaya ce a tsakiyar tarihin mawaƙin: ya taɓa yin wani faifai mai Auto-Tune a Najeriya, ya yaɗu ta waya. Ana faɗarsa kamar ƙuruciya ce da ya yi ya wuce, kafin ya gano muryarsa ta gaskiya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A al'adar sharhin rok, gumi da katako da tsirkiya su ne gaskiya, na'urar gyaran murya kuwa algus ce. Wanda ya taso da wannan aƙida ba shi da ma'aunin da zai auna kiɗan fiyano, bai san Sangaya ba, bai san abin da Iyan-Tama suka yi a Kano ba, bai san cewa karkarwar nan ado ce da jama'a miliyoyi suka zaɓa da kunnensu ba. A ganina Afrique Victime ya fi Anar ƙarfi da cika, wannan ba gardama. Amma Anar ya fi shi ƙarfin hali. Ɗora jitar kewar Abzinawa a kan gangar nanaye abu ne da ba wanda ya shimfiɗa masa hanya, kuma ba Bature ne ya ba da shawarar ba. Maƙwabta biyu ne suka haɗu suka yi abinsu, don kunnen maƙwabta.

Sai dai kafin mu gama ganin baiƙon na waje, mu ina namu sharhin? Muna da nazarin waƙa mai zurfi. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi aiki kan waƙar baka tun shekarun 1970, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar nazarinta, Ibrahim Sheme da abokansa sun rubuta Shata Ikon Allah. Ɗalibi a jami'a zai warware maka jigo, ya fito da salo, ya nuna gindin waƙa da ɗiyanta. Amma kusan duk wannan a kan magana yake. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana nuna cewa Bahaushe waƙa yake saurare, kiɗa ɗan rakiya ne. Shi ya sa in waƙa ta zo da harshen da ba mu ji, sai mu ce kiɗan Buzaye ne mu wuce, ko da kuwa gangar da ke ƙarƙashinta tamu ce. Ba'abzinen da ke gadi a ƙofar wani gida a Jimeta, yana dafa shayi a 'yar butarsa wayarsa na kaɗa jita a hankali, mun fi shekara nawa muna wuce shi ba mu tambaye shi me ake cewa ba?

Ko faya-fayan da muke jin harshensu ma, wane sharhi suke samu? Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef sun shekara da shekaru suna fitar da kundi bayan kundi. Mujallar Fim na nan tun 1999, Arewa24 na da shirin Zafafa Goma, gidajen rediyo na sa waƙa dare da rana, amma abin da ya fi yawa shi ne hira da mawaƙi, gaishe-gaishe, da jerin waɗanda suka fi tashe. Da wuya ka ga an zauna da kundi guda an ce waƙa ta uku ta fi ta farko saboda kaza, mai fiyano ya cika kaya a nan, murya ta nutse a can. Wanda ya gwada sai a ce hassada ce, ko an biya shi. Hukunci mafi ƙarfi da aka taɓa yanke wa kundin waƙa a arewa a wancan zamani ba daga alƙalamin mai sharhi ya fito ba, daga kotu ne: a 2007, shekara guda kafin Anar, an ɗaure Adam A. Zango a Kano kan kundinsa Bahaushiya, bisa ƙarar cewa bai bi ta Hukumar Tace Finafinai ba. Inda mai tacewa ya fi mai sharhi murya, tambayar da ake wa waƙa ita ce ta halatta ko ba ta halatta ba. Ko ta yi kyau, da yadda aka yi ta yi kyan, ba mai bi ta kai.

Illar wannan ba ta tsaya ga mawaƙi ba. Masu haɗa kiɗa na situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato, waɗanda suka ƙirƙiro sautin da ya mamaye Sahel daga Yola har Agadas, tarihi na neman shafe su, don ba a rubuta abin da suka yi ba lokacin da suke yi. In ba mu rubuta ba, abin da zai rage shi ne jimlar nan ɗaya ta Bature.

Anar da Afrique Victime duk suna intanet, kowa na iya ji. Ina kira ga masu gabatar da shirye-shiryen kiɗa a Radio Gotel da ABC Yola da Fombina FM, da ɗaliban sashen Hausa masu neman abin rubutawa: ku sa su ɗaya bayan ɗaya, ku gayyato mai jin Tamashek ya fassara, ku zaunar da mai fiyano ɗaya daga situdiyoyin Jimeta ya faɗi abin da kunnensa ya ji a gangar Anar, sannan ku rubuta shi da Hausa.